Minti 11 a Cikin Tsohuwar Dikoda

Idan aka kawo wuta a gidanmu, firji ne ke fara gurnani, fanka ta biyo baya, yara su kwashe da ihu daga tsakar gida. Dikoda kuwa sai ta ga dama. Na taɓa zama da agogo a hannu na ƙirga mata: daga kamawar jar fitilarta zuwa fitowar hoto a talabijin, minti 4 ne da 'yan daƙiƙoƙi. Mutum zai iya zuwa ya yi alwala ya dawo ya tarar tana nan tana juya wani ɗan zobe a tsakiyar allo. In kuma aka yi rashin sa'a wutar ta ƙifta kafin ta gama, an koma gidan jiya ke nan.

A 2016 na saye ta. Ba irin dikodar nan ba ce mai kama tasha kawai. Tana da faifan ajiya a cikinta mai gigabait 500, tana naɗe shiri ka kalla daga baya, tana tsayar da abin da ake nunawa kai tsaye, kana iya tariyo abin da ya wuce ka. Daren da aka haɗa ta, na danna maɓalli na tsayar da mai karanta labarai bakinsa a buɗe. Baba, Allah ya jiƙansa, ya gyara tabaransa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To shi wannan bawan Allah ya san an tsayar da shi kuwa?" Muka yi ta dariya. Ni kuwa a daren ji nake kamar na sayi lokaci da kuɗina.

Kuma gaskiya ta yi mana rana. Duk mai zama a gida irin namu ya san yadda shirye-shiryen yamma ke cin karo da magariba da isha'i. Lokacin nan Arewa24 ba ta daɗe da buɗewa ba, Daɗin Kowa na tashe, kullum sai an yi cacar baki kan wanda zai tashi ya zuba tuwo ana tsakiyar shiri. Da azumi kuwa, ana sa tafsirin da Hajiya mahaifiyata ke so daidai lokacin da mata ke fama da kunu da ƙosai. Zuwan dikodar ya kashe wannan rigima. A naɗe, a yi salla a natse, a ci abinci, a zauna a kalla, a tsallake talla.

Ba rana ɗaya ta lalace ba. A hankali ta riƙa nauyi, kamar yadda tsufa ke shigar mutum ta gwiwa. Da farko sai ka danna rimot ta ɗan yi jim kafin ta amsa. Daga baya jim ɗin ya yi tsawon da za ka zaci ba ta ji ba, ka sake dannawa, ka kuma dannawa, can sai ta farka ta aiwatar da duka ukun a tare, ta wuce tashar da kake nema ta kai ka inda ake tallan tukwane da Turanci. Na canja batir, na goge idon rimot da bakin riga, na ma sayo wani rimot ɗin. Duk a banza. Ashe ba kunnenta ne ya toshe ba, tunaninta ne ya yi nauyi.

Ko a lokacin ƙuruciyarta ma ba mai sauƙin sha'ani ba ce. Kafin ka kai ga jerin abin da ka naɗa sai ka bi ƙofa wajen biyar, kowace da nata jiran. Idan ka isa, rabin shirye-shiryen ba su da suna, sai sunan tasha da kwanan wata, don tashoshinmu na gida da yawa ba sa aiko da jadawalinsu daidai. Sai ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya kana lalube. Gogewa ma ɗaya-ɗaya ce, kuma kowanne sai ta tambaye ka ko ka tabbata, ta ajiye alamar a kan "a'a". In aka ɗauke wuta ana tsakiyar naɗi, shirin ya rabu biyu ko ya tafi gaba ɗaya. In hadari ya haɗu da damina, hoto ya farfashe gida-gida, ita kuwa ta ci gaba da naɗar farfasasshen abin da zuciya ɗaya.

Ranar da na fi jin haushinta ita ce 7 ga Fabrairun 2024, ranar da Najeriya ta kara da Afirka ta Kudu a wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin Afirka. Ƙarfe 6 na yamma za a take wasa, ni kuma ta'aziyya ta kai ni Zariya. Na saita naɗi tun da safe. A hanyar dawowa na kashe waya, na roƙi direba ya bar rediyo a kashe. Da na shigo unguwa na ji samari na ta hayaniya a bakin layi, na toshe kunnuwa da yatsu na wuce kamar mahaukaci. Na hana kowa magana a gida, na zauna da shayina. Na ga Troost-Ekong ya ci fanareti. Na ga Osimhen ya zura ta biyu na miƙe tsaye, na ga an soke ta an ba Afirka ta Kudu fanareti, Mokoena ya farke a minti na 90. Ina riƙe da kai ke nan sai allo ya yi baƙi, jerin shirye-shirye ya dawo. Awa biyu aka rubuta wa wasan a jadawali, awa biyu ta naɗa ta rufe. Ba ruwanta da ƙarin lokaci, balle bugun daga kai sai mai tsaron gida. Yadda Nwabali ya tare biyu, Iheanacho ya buga ta ƙarshe, duk a bakin ɗana na ji su, yana ba ni labari yana danne dariya.

Washegari na ce wallahi sai na canja ta. Maganar nan ta fi shekara yanzu, tana nan a kan kanta.

Ba don an rasa masu zuga ni ba. Babbar 'yata ta ce, "Abba, wa yake naɗar abu yanzu? Labarina ma a YouTube muke kallo, duk lokacin da muka ga dama." Ɗan'uwanta ya nuno min hotunan sababbi a waya, masu tashi nan take, masu naɗar tasha biyu kana kallon ta uku. Uwargida kuwa lissafi ta yi min. Ta ce tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, naira ta faɗi, wane kaya ne bai ninka ba? Kuɗin sabuwar dikoda mai naɗi zai sayi abincin da za a daɗe ana ci. In dai canjawa za a yi, a sayi ƙarama mai araha wadda ba ta naɗi, a huta. In ba haka ba a daina ƙorafi, don ta gaji da jin ana zagin ƙarfe.

Kowa da gaskiyarsa. Ni ma na yi nawa lissafin. Kallo ta intanet daɗi gare shi, amma data yake sha kamar rairayi da ruwa, kuma ranar da sabis ya yi rauni zoben nan dai mai juyawa za ka koma kallo, sai dai a ƙaramin allo. Sabuwar dikoda kuwa, na san yadda tawa take a shekararta ta farko, na kuma ga yadda ta koma. Wa ya ce ita ma sabuwar ba haka za ta yi ba? Da waɗannan hujjoji na riƙa kare kaina a gaban iyali. Amma ba su ne dalilin ba, kuma ina jin uwargida ta sani, kawaici kawai take yi min.

Dalilin yana can ƙasan jerin, shiri na biyu daga ƙarshe, ba shi da suna, sai kwanan wata na 2018. Wata tashar cikin gida ce ta yi shiri kan dalar gyaɗa ta Kano, suka zo har zaure suka yi hira da Baba, don ya yi aikin malamin sikeli yana saurayi. Minti 11 aka ba shi. Yana zaune a kan buzunsa da farar hula, yana bayanin yadda leburori ke hawa da buhu a ka har dala ta tashi, yadda dala ɗaya kan ci buhu wajen 15,000, yadda ake jiran jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Ikko. Ya ambaci Alhassan Ɗantata, ya yi maganar farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da cutar da ta cinye gonakin gyaɗa a 1975, da yadda filin ya koma fayau. A wani wuri ya manta sunan wani abokin aikinsa, ya ɗaga kai sama yana murza gemu, sannan ya yi dariyar nan tasa da kafaɗa ke rawa ba a jin sauti.

Baba ya rasu a Afrilun 2020, cikin makonnin nan da Kano ta yi ta binne dattawanta ana kulle a gida. Muna da hotunansa da yawa. Amma inda yake motsi yana magana, daga bakinsa har hannunsa, minti 11 ɗin nan ne kaɗai. Shi ba mai son a ɗora masa waya ba ne, mu kuma muna ganin kullum yana nan.

Bayan arba'in na je tashar neman kwafi. Aka yi min kirki, aka ba ni kujera, aka duba, aka ce kwamfutar da shirin ke ciki ta lalace tuntuni. Na dawo na ce ba komai, ai ina da nawa. Na sa filasha a jikin dikoda don in kwafa, na nemi inda ake kwafa na rasa. A nan na fara gane cewa abin da ke cikinta ba nawa ba ne yadda na zata. A kulle yake da wani mukulli da ya haɗa shi da ita wannan dikodar da katin da ke cikinta. Ko ka ciro faifan ka haɗa da kwamfuta ba abin da za ka gani. Wani wata da na makara ban biya kuɗin wata ba, na je buɗe shirin ta ƙi. Wato har ganin mahaifina ma sai na biya haya.

Na fahimci dalilin kullen. Duk wanda ya ga yadda masu satar fasaha suka durƙusar da kasuwar finafinan Hausa a zamanin faifan CD ba zai ce masu shiri su bar kayansu a buɗe ba. Sai dai mukullin bai san bambancin fim ɗin Amurka da fuskar Baba ba. Mu da muka tashi a zamanin kaset ɗin bidiyo mun saba da wani abu daban. Kaset, in ka naɗa ya zama naka. Ka rubuta suna a bayansa, ka ba maƙwabci aro, ka bi shi bashi in ya riƙe. Na bikinmu yana nan a akwati har yau, ko da yake babu na'urar da za a sa shi. Shi kaset ya tsira, injinsa ya mutu. Ita kuma dikoda, ranar da ta mutu da kayan cikinta za ta tafi.

Wannan tsoron ne ya sa na ƙi canja ta, shi ne kuma ya sa na ƙi kai ta gyara. Ina gudun mai gyara ya danna wani abu ya wanke ta tas. Haka na zauna shekaru, gaba kura baya sayaki, ina zaginta da rana, da dare in na ji ta yi wani ƙas-ƙas gabana ya faɗi.

Ƙarar ce ta yi yawa a bazarar da ta wuce, har na daure na naɗe ta a tsohon zani na kai wa wani mai gyara a Sabon Gari da wani abokina ya yaba min. Kafin ya taɓa ta na ce, "Malam, don Allah kar ka goge komai. Akwai amana a ciki."

Ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka. Buɗewa kawai zan yi mu gani."

Da ya ɗaga murfin sai da na ji kunya. Ƙurar hunturun shekara da shekaru ta kwanta a ciki kamar bargo, ta toshe duk ramukan shan iska. Ya nuna min wasu 'yan gwangwanaye a kan allon wuta, kafasito, kawunansu sun kumbura. Ya ce zafi ne ke busar da su, ga zafin garinmu da ke haura digiri 40, ga wuta mai hawa da sauka, ga ni kuma na cusa ta a cikin kanta na ɗora mata littattafai. Sannan ya yi min bayanin abin da ban taɓa tunani ba: faifan nan ba ya hutawa. Muddin dikodar na kunne, ko ba ka ce ta naɗi komai ba, tana rubuta tashar da kake kallo a kansa, don ta haka ne kake samun damar tariyowa. Irinsa kan juya sau 5,400 a minti ɗaya. Ya ce in lissafa shekarun. Ga shi kuma na cika shi maƙil, kashi 97 cikin 100, da wasannin ƙwallon da na riga na san sakamakonsu da tafsirin azumi huɗu. A kan wannan duka, kamfani na turo mata sabuwar manhaja ta tauraron ɗan Adam lokaci-lokaci, wadda aka ɗinka daidai jikin sababbin na'urori.

"Kamar ka ɗora wa tsohon jaki kayan raƙumi ne, Alhaji," in ji shi. "Yana tafiya dai, amma kar ka ce ya yi sauri."

Na tambaye shi ko za a iya ciro shirin. Ya girgiza kai, ya ce ta cikin faifai babu hanya. Ya ɗan yi shiru, sannan ya juya bayanta ya nuna min ramuka uku, ja da fari da rawaya. Ya ce abin da ke fita ta nan zuwa talabijin ba a kulle yake ba. Akwai wata 'yar na'ura kamar filasha da ake haɗa wayoyin nan uku da ita, a soka a kwamfuta, a kunna shirin, kwamfuta ta riƙa ɗauka yana tafiya. Hoton zai ɗan ragu, amma zai fito. Kuɗinta bai kai na cefanen kwana biyu ba.

Shekara biyar ina ɗauke da wannan fargaba, ashe maganinta na rataye a wani shago cikin leda. Ban taɓa tambaya ba ne kawai, don ban taɓa gaya wa kowa ainihin abin da ke damuna ba.

Ya busa ƙurar, ya canja kafasito huɗu. A daren muka tayar da janareta ko da akwai wuta, don kar a yi mana tsiya a tsakiya. Ɗana ya haɗa wayoyin, na danna, muka yi tsit. Minti 11 ba wanda ya yi tari. Da ya ƙare muka buɗe a kwamfuta, ga Baba yana murza gemu. Na sa a filasha biyu, na ajiye a Google Drive, na tura wa 'yan'uwa a zaurenmu na WhatsApp. Ƙanwata da ke aure a Gusau ta kira ni, ta yi sallama, daga nan ba ta iya cewa komai ba, ni ma haka, muka ajiye waya.

Bayan nan na zauna na goge shirye-shirye sama da 100, ɗaya bayan ɗaya, kowanne tana tambayata ko na tabbata. Ta ɗan sami sauƙi. Minti 4 ya koma 3. Rimot dai har yanzu sai an yi masa haƙuri. Yanzu ba abin da ya ɗaure ni, na ce a raina, gobe sai kasuwa.

Sai na kai wa Hajiya waya na nuna mata. Ta karɓa ta nisanta ta da ido, ta matso da ita, ta miƙo min. Ta ce, "Kai, wannan ai ya yi ƙanƙanta. Bar min shi a inda yake."

Hajiya ba ta karatun boko, dikodar kuma da Turanci take magana. Ban taɓa tsayawa na lura da yadda take kaiwa ga shirin ba sai ranar. Ashe jikarta ta ɗiga mata jan farce a kan maɓalli biyu, sauran kuma haddacewa ta yi: mai jan farce sau ɗaya, ƙasa sau uku, na tsakiya, sama sau biyu don ya zagayo ta ƙarshen jerin, na tsakiya. Tsakanin kowace dannawa tana jan carbi uku. Ba ta taɓa danna abu sau biyu ba, saboda haka ba ta taɓa wuce inda za ta ba. Jinkirin da ke tayar min da jijiyar wuya, ita daidai tafiyarta yake. In na kawo sabuwa mai sauri, da wani rimot da wasu ƙofofi, na raba ta da hanyar da ta sani, ko da na zuba mata shirin a ciki ta filasha.

Don haka ga inda na tsaya. Ban sayi sabuwa ba. Na fitar da ita daga cikin kanta na ɗora a kan teburi inda iska ke ratsawa, na haɗa mata sitabilaiza, ina biyan kuɗin wata a kan kari. In zan naɗi ƙwallo ina ƙara awa guda da hannuna. Ranar da faifan ya tsaya, ba zan kashe ko sisi a kansa ba, kuma ba zan yi kuka ba. A ranar zan sayi ƙaramar da uwargida ta ce, mai ramin filasha, in nemo jan farce, in zauna kusa da Hajiya mu haddace sabuwar hanya tare.

Jiya bayan isha'i aka kawo wuta. Firji ya yi gurnani, fanka ta tashi, zoben ya fara juyawa. Na ji bakina ya fara motsi zan yi tsaki, sai Hajiya ta shigo da carbinta ta zauna a kan darduma, ta miƙo hannu.

"Ba ni abin nan," in ji ta. "In ta gama shiryawa zan gaisa da Malam."